Turken Wuta, Murhu da Injin Ban Ruwa: Sharhi Kan Makamashi a Karkarar Dogon Dutsi da Tibiri

Duk lokacin da ɗan siyasa ko wakilin hukuma ya sauka a wani ƙauye na ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, koke uku ba sa wuce shi: ruwa, hanya da wuta. Idan aka ce wuta kuwa, abin da kowa yake hangowa shi ne turakun kamfanin lantarki na ƙasa, Nigelec, a jere daga bakin kwalta har ƙofar maigari. Fatan ba laifi ba ne. Sai dai ya sa an ƙunshe babbar magana cikin turke da waya, har mutane da yawa suka ɗauka cewa garin da waya ta shiga ya rabu da matsalar makamashi, wanda ba ta shiga ba kuwa sai haƙuri. Da ma'aikatan raya karkara suka fara maganar tattalin makamashi, wasu suka ji kamar ana cewa talaka ya ƙara tsuke ciki, alhali abin da yake da shi ma bai ishe shi ba. Akwai kuma masu ganin tunda rana ta Allah ce, wanda ya sayi faifan hasken rana ya gama biyan kuɗi har abada.

Dukan fahimtocin nan suna buƙatar gyara, kuma maganar ta shafi jama'a masu yawa. A ƙidayar 2012, gundumar Dogon Dutsi tana da mutum fiye da 370,000, Tibiri kuma kimanin 270,000. Yau sun wuce haka nesa ba kusa ba, tunda al'ummar Nijar tana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Makamashi shi ne duk abin da ke ba da zafi, ko haske, ko ƙarfin yin aiki. Itace da kara da gawayi makamashi ne. Haka kananzir, da fetur, da gazuwal, wato man manyan injuna, da iskar gas, da lantarki wanda a Nijar aka fi kira kuran, kalmar da aka aro daga Faransanci. Har damtsen mace a bakin turmi da ƙarfin sa ko raƙumi a bakin rijiya suna cikin lissafi, ko da yake ba su shiga littattafan hukuma. Idan aka ce makamashin zamani, abu biyu ake nufi: lantarkin da za a iya dogara da shi, da hanyar girki wadda ba ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Kasuwar na farkon ta fi ci a bakin jama'a, na biyun kuwa ana yawan mantawa da shi.

Tattalin makamashi yana nufin a samu aiki iri ɗaya da makamashi kaɗan. Tuwo ya nuna yadda ya saba, amma itacen da aka ƙona ya ragu. Ɗaki ya haskaka kamar jiya, amma kuran ɗin da aka sha bai kai na jiya ba. Wanda ya kashe fitila ya zauna cikin duhu don gudun kuɗi, ƙuntata wa kansa ya yi. Wanda ya sauya ƙwan fitilar da wani mai shan wuta kaɗan, shi ne ya yi tattali.

Sai ma'auni. Wat shi ne ƙarfin da na'ura take ja a lokaci guda. Wat dubu shi ne kilowat, kilowat dubu kuma megawat, wanda da shi ake auna manyan tashoshi. Kilowat-awa kuwa adadin abin da aka sha ne: na'ura mai kilowat ɗaya ta yi aiki awa ɗaya. A kwatanta wat da faɗin bakin famfo, kilowat-awa kuma da yawan ruwan da ya taru a tulu. Shi ne abin da kontar, wato na'urar ƙidayar wuta da ke jikin bango, take lissafawa, kuma a kansa ake rubuto takardar biya.

Lantarki yana isa gida ta hanya uku. Akwai babban layin ƙasa na Nigelec. Akwai ƙaramin layi, wato ƴar tasha ta gari ɗaya, mai aiki da hasken rana ko gazuwal ko duka biyun, da wayoyinta da ba su wuce iyakar garin ba. Akwai kuma na'urar gida: faifan hasken rana, wanda aka fi sani da pano, da batiri da ƴan ƙwayayen fitila. Samun wuta ma hawa-hawa ne. Tun 2015 Bankin Duniya yake amfani da wani ma'auni mai matakai daga sifiri zuwa biyar. A mataki na ɗaya akwai haske da cajin waya na aƙalla awa huɗu a yini, a na biyar kuwa wuta tana nan aƙalla awa 23. Gari na iya samun turaku amma ya tsaya a ƙananan matakai idan wutar ba ta zama.

Daga ina wutar take zuwa?

An kafa Nigelec a 1968. Yammacin Nijar, wato Yamai da Tilaberi da Dosso, ya daɗe yana rataye da babbar waya mai ƙarfin kilobolt 132 da ta taso daga Birnin Kebbi tun cikin shekarun 1970, tana ɗauko wutar madatsar Kainji. Maraɗi da Damagaram kuma suna shan tasu ta Katsina. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da Nijar take amfani da shi daga Najeriya yake zuwa. Wutar tana da araha, wannan ne ya sa aka yi shekaru ba a matsa wajen gina tashoshin gida ba.

Haɗarin wannan dogaro ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ba a mayar da ita ba sai a watan Maris 2024, bayan an ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu. Cikin waɗannan watanni, abin da ya rage wa Yamai zafi shi ne tashar gazuwal ta Goru Banda da aka buɗe a 2017, da tashar hasken rana mai megawat 30 da aka ƙaddamar a can ƴan makonni kafin juyin mulkin. Akwai wata ta hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018. Madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008 kuma ake sa ran za ta ba da megawat 130, ta sha jinkiri. Akwai kuma aikin sabuwar waya mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, wadda ta biyo ta Zabori a jihar Dosso.

Jimillar abin da aka cimma bai taka kara ya karya ba. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Gwamnati ta kafa hukumar ANPER a 2013 don kai wuta ƙauyuka, ta kuma tsara a 2018 cewa zuwa 2035 kashi 80 cikin ɗari na jama'a za su samu. A watan Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 317.5 don wani shiri da aka raɗa wa sunan Hausa, Haske, wanda ya haɗa har da batun girki. Juyin mulkin ya sa bankin ya dakatar da fitar da kuɗi na wasu watanni. Abin lura kuma, bututun ɗanyen man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya ratsa jihar Dosso, yana wucewa ta gefen ƙauyukan da tocila ce fitilarsu.

Abin da ya hana waya kaiwa ko'ina

Amsar tana cikin yadda mutane suka zauna. Garuruwa sun taru a cikin kwarin Dallol Mawri da bakin babbar hanya, daga Geceme da Tibiri da Kore Mai Ruwa zuwa Kiyeshe, Dogon Dutsi da Matankari. Da an hau tudu ko an nausa arewa wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, sai tazara ta buɗe, ga tungaye da rugage a warwatse. Kuɗin kafa kilomita ɗaya na waya ɗaya ne, ko gida dubu za ta ciyar ko gida talatin. Gidan ƙauye kuma ba ya shan wuta mai yawa: fitila biyu ko uku, cajin waya, rediyo, wataƙila fanka. Abin da kamfani zai tara a wata ba zai biya kuɗin zuwa karanta kontar ba, balle gyara. Doguwar waya siririya kuma tana zubar da wani kaso na wutar a hanya, shi ya sa garin da ke ƙarshen layi yake ganin ƙwan fitila ja kamar garwashi.

Ko a garin da waya ta shiga, gidaje da yawa suna kallon turke ne kawai. Akwai kuɗin jona wuta, akwai kuɗin wayoyin cikin gida, kuma duka a dunƙule ake biya. Manomi yana ganin kuɗi ne da kaka, ko idan ɗan da ya tafi cin rani ya yi aike, takardar biya kuwa kowane wata take zuwa. Kontar mai kati, wadda ake sayen wuta tun kafin a sha, ta fi dacewa da irin wannan samu. Rashin tsaro da ya addabi wasu sassan iyaka a shekarun nan ya ƙara wa ƴan kwangila da masu gyara tsoron shiga daji.

Murhu, inda mafi yawan makamashin yake ƙonewa

Da za a auna duk makamashin da wani gida a Dankasari ko Dumega yake ci a shekara, abin da ke tafiya a fitila da waya ɗan ƙalilan ne. Kusan duka a ƙarƙashin tukunya yake ƙarewa. Fiye da gida tara cikin goma a Nijar da itace ko danginsa suke girki, kuma ko gidan da ke da kuran a cikin gari ba ya tuƙa tuwo da shi. Ke nan ko yau aka wayi gari kowane ƙauyen Arewa ya samu waya, gobe da asuba mata za su fita neman sabara da geza kamar yadda suka saba.

Murhun duwatsu uku yana kai wa tukunya kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itacen. Sauran iska ce take kwashewa. Wannan ita ce ɓarna mafi girma a harkar makamashin karkara, kuma a nan ne tattali ya fi saurin biya. Inda itace ya yi nisa sai a koma ga kara da kashin shanu. Karan da aka ƙona shi ne da zai rufe gona daga iska ko ya ciyar da dabba, kashin kuma taki ne aka hana ƙasa. Don haka murhu yana cin gona ta bayan gida. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙar ta.

Ingantaccen murhu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun shekarun 1980, bayan manyan fari, aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙera ke ƙerawa daidai da lambar tukunya, da na laka mai suna Albarka da mace za ta iya ginawa da hannunta. Hikimarsu ɗaya ce: a killace wuta daga iska, a matso da tukunya kusa da harshenta, a sa zafi ya bi gefen tukunyar kafin ya fita. Idan an yi amfani da su yadda ya kamata, suna rage itace da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. A ƙaramar hukumar Dankasari, ƙawancenta da garin Cesson-Sévigné na Faransa da ƙungiyoyin Tarbiyya Tatali sun yi aikin koyar da mata gina irin wannan murhu.

To, me ya sa bayan shekara arba'in duwatsu uku suna nan daram? Ana yawan cewa jahilci ne ko riƙon al'ada. Wannan amsa ta yi sauƙi da yawa. A birni, inda ake sayen itace, murhu yana mayar da kuɗinsa cikin ƴan makonni. A ƙauye kuwa ɗebo itacen ake yi, abin da murhun yake ragewa wahalar mace ce da lokacinta, kuma mai riƙe da kuɗin gida ba kasafai yake sa waɗannan a lissafi ba. Murhun laka yana tsagewa idan damina ta same shi a fili. Murhun da aka yi wa tukunya lamba uku ba ya ɗaukar ta ranar suna. Tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin yana son murhun da ba ya motsi. Da sanyi kuma, buɗaɗɗiyar wuta ita ce abin ɗumin tsofaffi da yara. Duk shirin da bai zauna da matan da ke girkin ya tambaye su waɗannan abubuwa ba, murhunsa zai ƙare a matsayin wurin kwanan kaji. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: ingantaccen murhu yana rage itace sosai, amma ragin hayaƙin da yake yi bai kai yadda likitoci suke so ba.

Abin da ke kawar da hayaƙi shi ne iskar gas. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 Nijar take samar da gas nata, kuma amfani da shi ya ƙaru ƙwarai a Yamai da manyan birane. A ƙauye cikas ɗin a bayyane yake. Sai an sayi tukunyar gas da kanta a dunƙule, sai an cika ta gaba ɗaya alhali itace ana sayen na dala kaɗan, wurin cikawa yana nesa, wani lokaci gas ɗin ya yanke a kasuwa, ga kuma tsoron gobara a gidajen da ke da rufin ciyawa. Akwai gawayin ƙasa na ma'adinin Anu Araren a jihar Agadas, wanda ake sarrafawa don girki, amma yana da wuyar kamawa, yana son murhu na musamman, kuma sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya iso Arewa.

Ɓangaren samar da itacen ma yana cikin maganar. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara su kula da dazukansu. Sassaben zamani kuwa, wato barin ƴan itatuwan da suka tsiro a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su, ya maido da gawo da kalgo da sabara a gonaki masu yawa na kudancin Nijar. Rassan da ake sarewa wajen askin suna isar gida wani ɓangare na shekara ba tare da an shiga daji ba.

Hasken rana: rahusa da tarkonta

Nijar ta riga ƙasashe da yawa tunanin hasken rana. An kafa ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, a 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabance shi shekaru masu yawa. Abin da ya canza yanzu shi ne farashi. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a kasuwar duniya, har ya zama kayan tebur a kasuwannin mako. Kowace murabba'in mita ta ƙasar nan tana samun hasken da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini.

A nan ne tattali da samun wuta suke zama abu ɗaya. A ɗauki gida mai ƙwan fitila huɗu irin na da, kowane wat 60, ana kunnawa awa biyar. Wannan wat-awa 1,200 ne a dare. Idan aka sa ƙwan zamani da ake kira LED, wanda wat 9 nasa yake ba da haske kwatankwacin wancan, lissafin ya koma wat-awa 180. Wato pano da batirin da za su haskaka gida ɗaya da tsohon ƙwai za su haskaka gida shida da sabo. Haka abin yake ga fanka da talabijin da firji. Tsohon firjin da aka shigo da shi na hannu yana da arahar saye, amma yana iya cinye wutar da ta ishi gidaje da yawa. A ƙaramin layi, inda tashar take da iyaka, ƴan irin waɗannan na'urori sun isa su sa wutar gari ta ɗauke kafin a yi sallar isha'i.

Tarkon yana wajen batiri. Pano mai kyau yana iya shekara ashirin ko fiye. Batirin dalma kuwa, wanda aka fi samu a kasuwa, zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan biyu, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Arewa yana haura 40. Idan kuma ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, sai ya mutu da wuri. Batirin litiyam ya fi juriya amma ya fi tsada. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar pano ta rage masa ƙarfi idan ba a gogewa. Kasuwa kuma cike take da kayan da lambar da aka rubuta a jikinsu ta fi ƙarfinsu na gaskiya, mai saye ba shi da abin gwadawa. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi jabu sau ɗaya ya ga ta mutu cikin wata shida, da wuya a sake shawo kansa, shi da maƙwabtansa.

Matsalar ta fi muni a kayan jama'a. Ana girka pano a ɗakin shan magani don haihuwar dare da firjin rigakafi, ko a makaranta, a yi biki a watse. Bayan ƴan shekaru batiri ya mutu, ba wanda aka ɗora wa alhakin sauyawa, ba kuma asusun da aka tanada. Panon yana nan a kan rufi lafiya lau, ungozoma kuwa ta koma riƙe tocila a baki. Mataccen batirin dalma kuma guba ne idan aka fasa shi a tsakar gida.

Fadama da injin niƙa

Haske yana gyara zaman dare, amma ba ya kawo kuɗin biyan kansa. Abin da ke kawowa shi ne wutar da ke aiki da rana. Arewa tana da sa'a a nan, domin a cikin Dallol Mawri ruwa yana kusa, kuma noman rani ya kafu: dankalin turawa a kewayen Dogon Dutsi, farar albasar Sukukutan da ta yi suna, da kayan miya a lambuna. Injin ban ruwa mai shan fetur ya daɗe yana dogara da man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, wannan arahar ta ƙare, a watan Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin fetur a faɗin Nijar.

Famfo mai aiki da hasken rana yana da wata falala: ba ya buƙatar batiri. Yana jan ruwa da rana ya zuba a tanki ko kwarami, tankin ya zama ma'ajiya. A gefen Tafkin Sau na Dogon Dutsi, ƙawancen garin da Orsay ta Faransa ya taimaka wajen samar da lambuna da ake shayarwa daga rijiyoyi masu zurfi da irin wannan famfo. Sai dai famfon da ba ya shan mai yana sa a bar shi yana zuba yini guda, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya ƙaruwa don an daina biyan fetur. Tattalin ruwa dole ya tafi tare da shi.

Bayan famfo, injin niƙa shi ne na biyu cikin masu aiki da rana. Awannin da mace take yi a surfe da daka suna cikin makamashi mafi tsada a ƙauye, ko da ba a biyan ta. Ƙaramin layin da ke da mai niƙa, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, da tela, yana da masu shan wuta da rana lokacin da pano ya fi bayarwa, kuma su ne ke riƙe asusun tashar. Wanda ba shi da kowa sai fitilun dare, nauyinsa duka a kan batiri yake.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan babban layi suna cewa shi kaɗai ne ke ɗaukar masana'anta, kuma bai dace a ce ɗan birni yana da cikakkiyar wuta, ɗan ƙauye ya tsaya a fitila uku ba. Suna ƙara da cewa farashin Nigelec ɗaya ne a ko'ina, har da rangwame ga masu shan kaɗan, alhali kilowat-awa na ƙaramin layi mai zaman kansa yakan fi tsada. Masu goyon bayan hasken rana suna amsawa da cewa yaron da aka haifa yau a tunga zai iya yin aure kafin waya ta iso, kuma abin da gida yake kashewa a batirin tocila da kuɗin caji a wata ya isa biyan ƙaramar na'ura kaɗan-kaɗan. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma taswirar Arewa ta riga ta raba gardamar: garuruwan dallol da na bakin hanya na babban layi ne, manyan ƙauyukan da ke nesa na ƙaramin layi, tungaye da rugage na na'urar gida. Abin da ya rage shi ne a sanar da kowane gari rukunin da yake ciki da lokacin da zai jira, domin ɗan kasuwa ba zai zuba kuɗi a ƙaramar tasha ba idan yana tsoron waya za ta iso baɗi.

Gardama ta biyu a kan kyauta ce. Wasu na ganin talaucin karkara ya kai a raba kaya kyauta. Wasu na cewa kyauta tana kashe kasuwar mai sayarwa da mai gyara na gari, kuma abin da ba a biya ba ba a kula da shi. Abin da ya fi kusa da daidai, a ganin wannan sharhi, shi ne tallafi ya tafi ga kuɗin farko, wato jona wuta, tukunyar gas ko famfo, amma kuɗin yau da kullum da na gyara su fito daga masu amfani.

Abin da ke iya biyo baya

Idan aka ci gaba da auna nasara da yawan garuruwan da turke ya shiga, alƙaluma za su yi kyau a takarda, itace kuma zai ci gaba da nisa, tunda bakunan da ake dafa wa abinci suna ƙaruwa kowace shekara. Idan aka haɗa kai wuta da ƙwan LED da na'urori masu shan kaɗan, tasha ɗaya za ta ciyar da gidaje ninkin abin da take ciyarwa, kuma matasan da suka koyi girka pano da gyaran famfo za su samu sana'a a gida. Tantance ingancin kayan da ke shigowa kasuwa aikin hukumomin ƙasa ne. Murhu da asusun gyara kuwa ba sa jiran Yamai, suna hannun ƙananan hukumomi goma na gundumomin nan biyu, da sarakuna, da ƙungiyoyin mata.

Saboda haka, duk shugaban ƙaramar hukuma ko maigari ko kwamitin asibitin da aka zo wa da kyautar pano, kafin a sa hannu a tambayi mai kawowa shekara nawa batirin zai yi, nawa ne kuɗin sabo, wa zai biya, kuma a wane gari mai gyaran yake zaune. A rubuta amsar a takarda, a buɗe asusun tun ranar da aka kunna fitilar farko.